Tambaya kan serotonin da fargaba: me binciken ɓeraye ya nuna a zahiri?

Rukayya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da sauran 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a fannin haɗa magunguna, kuma tun da muka shiga darasin magungunan da ke aiki a ƙwaƙwalwa wani abu ya ɗaure mini kai. Na juya shi ta kowace fuska ya ƙi warwaruwa, shi ya sa na kawo shi gabanku.

An koya mana cewa magunguna irin su fuloksetin suna toshe ƙofar da ƙwayar jijiya ke bi ta sake zuƙe serotonin, sinadarin da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi, bayan ta fitar da shi, saboda haka sinadarin yakan daɗe a tsakanin ƙwayoyin yana aiki, kuma da irin waɗannan magunguna ake fara yi wa mai ciwon fargaba magani. Daga nan na ɗauka cewa idan serotonin ya yi yawa hankali zai kwanta, idan ya yi ƙaranci fargaba ta taso. Da na karanta cewa ɓerayen da aka cire musu makarɓin serotonin mai suna 5-HT1A, wato ɗaya daga cikin guraben da serotonin ke sauka a jikin ƙwayar jijiya ya isar da saƙonsa, sun fi sauran ɓeraye ɗari-ɗari, sai na ce to, magana ta daidaita. Amma da na ci gaba da karatu sai na tarar cewa waɗanda aka cire musu 5-HT2A ko 5-HT2C fargabarsu raguwa take yi. Abin da ya fi rikita ni shi ne ɓerayen da aka haifa babu waccan ƙofa ta zuƙewa kwata-kwata. A lissafina su ya kamata su fi kowa natsuwa, tunda tamkar an ɗora su ne a kan magani tun suna ciki, amma sai ga shi su ma tsoro ya yi musu yawa.

Ba don jarrabawa kaɗai nake wannan tambaya ba. A bara likita ya ɗora yayata a kan irin wannan magani saboda fargabar da ta daɗe tana damunta, kuma kwana goman farko sai abin ya ƙaru. Nakan farka cikin dare in same ta zaune a bakin gado hannunta na rawa, tana cewa ji take kamar wani mugun abu zai faru amma ba ta san ko mene ne ba. Sai wajen mako na biyar ta fara samun kanta. Na yi ta ba ta haƙuri a lokacin, amma da ta tambaye ni dalili, ni mai karatun magani, ban iya ce mata komai ba.

Don Allah ina neman a fahimtar da ni, shin serotonin kwantar da hankali yake yi ko tayar da shi? Sannan ta yaya ma mai bincike yake sanin cewa ɓera yana cikin fargaba, alhali ba zai buɗe baki ya faɗa ba?

Malam Sani ya amsa:

Wa alaikumus salam, Rukayya. Allah ya ƙara wa yayarki lafiya. Zan ɗauki tambayarki ta farko, tunda ita ce ta shafi abin da nake koyarwa.

Inda lissafinki ya karkace shi ne ɗaukar serotonin a matsayin saƙo mai ma'ana guda. Abin da ƙwayar jijiya za ta yi idan serotonin ya iso gare ta ya danganta ne da irin makarɓin da ke jikinta, kuma makarɓan nan sun kai 14, an kasa su gida 7. Makarɓin 5-HT1A sanyaya ƙwayar yake yi har ta yi shiru, su kuwa 5-HT2A da 5-HT2C zaburar da ita suke yi. Ki ƙara da cewa ƙwayar da aka sa ta yi shiru tana iya kasancewa wadda aikinta dama shi ne danne wasu, ta yadda shirunta zai zama sakin linzami ga na gaba da ita. Ƙwayoyin jijiyar da ke haɗa serotonin a ƙwaƙwalwa ba su da yawa, a tattare suke a tushen ƙwaƙwalwa a wurin da ake kira rafe, amma jijiyoyinsu sun ratsa kusan kowane lungu, don haka sinadari ɗaya yana iya kwantar da wannan sashe ya tayar da wancan a lokaci guda.

Labarin 5-HT1A ya fi kowanne cancantar a tsaya a kansa. A shekarar 1998 ɗakunan bincike uku a Amurka, na René Hen a Jami'ar Columbia, da na Laurence Tecott a Jami'ar California da ke San Francisco, da na Miklos Toth a Cornell, kowanne ya samar da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon wannan makarɓi. Irin ɓerayen da suka yi amfani da su ba ɗaya ba ne, amma duka ukun sun ga abu guda: ɓerayen suna guje wa fili da haske fiye da 'yan'uwansu. A wannan fage ba kasafai ake samun irin wannan haɗuwar baki ba, shi ya sa sakamakon ya samu karɓuwa. Sai dai cire ƙwayar gado ta wannan hanya yana da nakasu biyu. An cire makarɓin daga ko'ina a jiki, kuma an cire shi tun daga ranar da aka ɗauki cikin ɓeran, saboda haka ba a san a wane wuri rashinsa ya yi ɓarna ba, ba a kuma san a wane lokaci ba.

Batun wuri yana da muhimmanci domin 5-HT1A gida biyu gare shi. Yana nan a jikin ƙwayoyin rafe ɗin kansu, inda yake aiki kamar birki: idan serotonin ya taru a kewayensu sai ya sa su rage fitarwa. Yana kuma nan a jikin ƙwayoyin da ke karɓar saƙon a can gaba, a sassan ƙwaƙwalwa da ake kira hipokamfas da amigdala, da kuma ɓawon ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya cire shi gaba ɗaya ya cire birki a wuri guda, ya kuma toshe kunne a wani wurin.

A 2002 Cornelius Gross, wanda a lokacin yake aiki tare da Hen, ya wallafa wani bincike a mujallar Nature da ni a ganina ya kamata duk ɗalibin magunguna ya san shi. Sun ɗauki ɓerayen da ba su da makarɓin suka mayar musu da shi a gaban ƙwaƙwalwa kawai, ban da rafe, kuma suka ɗaura shi a kan wani makunni da maganin doksisaikilin ke kashewa idan aka ba ɓeran. Mayar da makarɓin ya gyara halin ɓerayen, suka koma shiga fili kamar kowa. Da aka bar shi a kunne har suka girma sannan aka kashe, ba su koma masu fargaba ba. Amma da aka kashe shi suna jarirai aka kunna bayan sun kai kimanin mako uku, sai suka girma da fargabarsu, duk da cewa makarɓin yana nan a ƙwaƙwalwarsu a ranar da aka gwada su. Wato aikin da makarɓin ya yi aikin gini ne, a makonnin farko da jijiyoyi ke neman abokan haɗuwarsu, kuma idan wannan lokaci ya wuce dawo da shi ba ya rushe abin da aka riga aka gina a karkace.

Wannan ne ya amsa abin da ya fi rikita ki. A 2004 Mark Ansorge da Jay Gingrich, su ma a Columbia, sun ba lafiyayyun jariran ɓeraye fuloksetin daga kwana 4 zuwa kwana 21 da haihuwa, sannan suka daina. Da ɓerayen suka girma sai suka zama masu ja da baya a sabon wuri, kamar dai waɗanda aka haifa babu ƙofar zuƙewa. Maganin da ke rage fargaba a babba shi ne ya dasa ta a jariri. Don haka ɓeran da aka haifa babu ƙofar ba daidai yake da babban da ke shan magani ba, domin shi ƙwaƙwalwarsa a cikin ambaliyar serotonin ta ginu.

Game da 5-HT2A kuwa, Noelia Weisstaub da abokan aikinta sun nuna a 2006 cewa ɓerayen da ba su da shi sun fi saurin kutsawa inda ake shakka, kuma da aka mayar da shi a ɓawon ƙwaƙwalwa kawai sai taka-tsantsan ɗinsu ya dawo. Abin lura shi ne tsoron da aka koya musu, kamar jin wani sauti da suka san yana zuwa da ciwo, bai taɓu ba ko kaɗan.

Bilkisu ta amsa:

Sallama gare ku. Malam Sani ya yi bayanin makarɓa, ni kuma zan taɓa tambaya ta biyu, domin na yi wasu shekaru ina wannan gwaji da hannuna.

Ƙanwata Rukayya, ba fargaba muke aunawa ba. Muna auna yadda ɓera ke warware rikici tsakanin abu biyu da ke cikin halittarsa, son binciken sabon wuri da tsoron fili inda shaho ko mujiya za su iya hango shi. Gwajin da aka fi sani wani dandamali ne mai siffar alamar tarawa ta lissafi, an ɗaga shi kimanin rabin mita daga ƙasa, hannuwansa biyu suna da bango, biyu kuma a buɗe suke. Ana ajiye ɓeran a tsakiya a ba shi minti biyar. Da za ki zauna ki kalla, za ki ga ya fara rugawa cikin mai bango, ya juyo ya dawo mararraba, ya kafe ƙafafunsa na baya a cikin inuwa ya miƙe jikinsa gaba har ya yi siriri, gashin bakinsa na karkarwa yana shinshina, sannan ko dai ya janye kamar an ja shi da zare ko ya taka ya fita. Wanda ya fita yakan je bakin katakon ya leƙa ƙasa. Daƙiƙoƙin da ya yi a buɗaɗɗen hannu da yawan shigarsa su muke rubutawa. Akwai kuma akwati mai ɗaki biyu, ɗaya da haske ɗaya da duhu, wanda Jacqueline Crawley ta fito da shi a 1980, da kuma gwajin da ake hana ɓera abinci kwana guda sannan a ajiye masa ƙwaya ɗaya a tsakiyar fili mai haske a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin yunwa ta rinjayi tsoro.

Abin da ya sa nake jan kunnenki shi ne waɗannan gwaje-gwaje ba su da wuyar gurɓacewa. Na taɓa yin mako guda ina gwaji, ɓerayena duka, masu magani da marasa magani, suka ƙi fita fili, har na fara zargin maganin ya lalace. Daga baya na gano an canja ƙwan fitilar ɗakin an sa wanda ya fi haske ba a gaya mini ba. Aikin wata biyu ya tafi a banza, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne dabbobin da aka yi amfani da su ba tare da an ƙaru da komai ba. Ba ni kaɗai ba ce. A 1999 John Crabbe da Douglas Wahlsten da Bruce Dudek sun shirya gwaji iri ɗaya a Portland da Albany a Amurka da Edmonton a Kanada, suka daidaita irin ɓeraye da abinci da shimfiɗa da ranar gwaji, amma sakamakon ya bambanta daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma a cikin ɓerayen da suka gwada har da waɗanda aka cire musu makarɓin 5-HT1B. A 2010 Jane Hurst ta Jami'ar Liverpool a Ingila ta nuna cewa ɗaga ɓera ta wutsiya, wanda shi ne abin da aka saba, yana ƙara masa ɗari-ɗari idan aka kwatanta da ɗaukarsa a cikin ɗan bututu. A 2014 kuma ɗakin binciken Jeffrey Mogil a Kanada ya nuna cewa warin jikin namiji mai gwaji kaɗai yana tayar wa ɓeraye sinadarin tashin hankali.

Akwai wata matsalar da ta fi waɗannan zurfi. An tabbatar da ingancin gwaje-gwajen ne da magunguna dangin dayazefam, waɗanda ba ta hanyar serotonin suke aiki ba. Ki ba ɓera dayazefam, cikin rabin awa za ki gan shi yana yawo a fili. Ki ba shi busfiron, wanda a kan 5-HT1A yake aiki kuma ana ba mutane shi don fargaba, sai ki ga wannan ɗaki ya ce ya rage, wancan ya ce ya ƙara, wani ya ce bai yi komai ba. Haka kuma ɓeran da ke da yawan kai-komo yana iya shiga fili sau da yawa ba don jarumta ba, kuma an san ɓerayen da ba su da 5-HT2C da yawan zirga-zirga, don haka dole a auna tafiyarsu daban kafin a ce fargabarsu ta ragu. Sannan yawancin tsoffin binciken da maza aka yi su. Annaliese Beery da Irving Zucker sun ƙirga a 2011 suka tarar cewa a fannin ƙwaƙwalwa binciken da ya yi amfani da maza zalla ya ninka na mata zalla fiye da sau biyar, alhali a cikin mutane mata sun fi maza fama da ciwon fargaba.

Ni dai ban yarda da sakamako ba sai na gan shi a gwaji fiye da ɗaya, a irin ɓeraye fiye da ɗaya, a hannun mutanen da ba su san juna ba. Na 5-HT1A ya tsallake wannan. Da yawa ba su tsallake ba. Kuma ko wanda ya tsallake, abin da ya gaya mana shi ne yadda dabba ke kauce wa haɗari, ba abin da yayarki take ji a ƙirjinta ƙarfe biyun dare ba. Joseph LeDoux, wanda ya shafe shekaru yana nazarin amigdala, da kansa ya dawo yana gargaɗin a bambance tsakanin martanin kare kai da jin tsoro a zuci.

Dakta Kabiru ya amsa:

Na gode wa malaman da suka gabace ni. Ni likita ne mai duba masu irin wannan lalura, kuma abin da ya sami yayarki, Malama Rukayya, sananne ne a wurinmu. Shi ya sa muke farawa da ƙaramin awo, mu kuma gaya wa mara lafiya tun ranar farko cewa makon farko ko na biyu yana iya jin abin ya ƙaru, kada ya yanke maganin da kansa, ya dawo mu gani. Wanda ba a gaya masa ba sau da yawa yakan jefar da ƙwayoyin a kwana na huɗu, ya tafi da yaƙinin cewa maganin asibiti ya ƙara masa ciwo.

Na yarda da gargaɗin Malama Bilkisu, amma zan ɗan sassauta shi, domin a kan wannan tambaya ta jinkiri da tsanantar farko dabbobin nan sun haska mana abin da ba za mu taɓa gani a jikin mutum ba. Maganin yana toshe ƙofar zuƙewa cikin awoyi kaɗan, amma sauƙi sai bayan makonni. Tun a shekarun 1980 Pierre Blier da Claude de Montigny a Montreal suka auna bugun ƙwayoyin rafe a irin manyan ɓerayen nan da ake kira rat da Turanci, suka ga cewa da zarar an fara maganin sai bugun ya faɗi, saboda serotonin da ya taru ya taka birkin nan na 5-HT1A da Malam Sani ya ambata, kuma sai bayan mako biyu zuwa uku birkin yake dushewa bugun ya dawo. A 2010 Jesse Richardson-Jones a ɗakin binciken Hen ya samar da ɓeraye kashi biyu da bambancinsu kawai yawan wannan birki ne. Masu birki da yawa fuloksetin bai yi musu aiki ba, amma da aka rage musu shi kafin a fara maganin sai suka amsa.

Wannan ya bayyana jinkiri, amma bai gama bayyana dalilin da abin ke ƙaruwa ba. A nan binciken da Catherine Marcinkiewcz da Thomas Kash na Jami'ar North Carolina suka wallafa a Nature a 2016 ya shigo. Sun bi wata jijiya da ta taso daga rafe zuwa wani ɗan gungu da ke da alaƙa da amigdala, wanda ake taƙaita sunansa da BNST. Da suka zaburar da ita sai ɓerayen suka ƙara tsoro da ja da baya, kuma sun nuna cewa serotonin yana yin haka ne ta makarɓin 5-HT2C da ke jikin wasu ƙwayoyi masu fitar da sinadarin tashin hankali na CRF. Allurar fuloksetin guda ɗaya ta bi wannan hanya ta ƙara tsoro, da aka toshe makarɓin CRF kuma ƙarin ya gushe. Ba zan ce miki wannan ne tabbas ya faru a kan yayarki ba, amma shi ne bayanin da ya fi dacewa da abin da muke gani, wato a kwanakin farko serotonin yana isa ga makarɓan da ke tayar da hankali kafin sauran sassa su daidaita kansu.

Inda nake tare da Malama Bilkisu ɗari bisa ɗari shi ne wajen tsallakawa daga ɓera zuwa mutum. Akwai abin da ya dace: hoton ƙwaƙwalwa da Alexander Neumeister da abokansa suka ɗauka a 2004 ya nuna ƙarancin 5-HT1A a masu ciwon firgita. Akwai kuma abin da ya ba da kunya. A 1996 Klaus-Peter Lesch ya ruwaito cewa wani bambanci a ƙwayar gadon ƙofar zuƙewa yana da alaƙa da halin fargaba a mutane, aka yi ta rubuce-rubuce a kai shekara da shekaru, amma manyan binciken da suka biyo baya ba su tabbatar da tasirin da aka yi zato ba. Ko makarɓan ma ba duka muka yi tarayya da ɓera a kansu ba, domin shi ba shi da 5-HT1E, mu kuma 5-HT5B ɗinmu ba ya aiki.

Rukayya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma na sake karanta bayanan sau biyu. Malam Sani, akwai inda na tsaya. Ka ce a binciken 2002 mayar da makarɓin a gaban ƙwaƙwalwa, ban da rafe, shi ya gyara fargabar. Amma na ga an rubuta cewa wannan ɗakin binciken ya dawo daga baya ya ce na rafe ne ke da alhaki. Shin janye maganarsu suka yi? Sannan batun jariran ɓerayen da aka ba fuloksetin ya tayar mini da hankali, domin yayata tana da aure kuma har yanzu tana kan maganin.

Malam Sani ya amsa:

Abin da kika gani gaskiya ne, Rukayya. A 2011 Richardson-Jones da Hen da Eduardo Leonardo sun bi ta wata hanya daban. Maimakon su mayar da makarɓi a jikin ɓeran da ba shi da shi, sai suka ɗauki lafiyayyen ɓera suka danne makarɓinsa na asali a wuri guda. Da suka danne na rafe tun daga farkon rayuwa sai fargaba ta bayyana. Da suka danne na gaban ƙwaƙwalwa fargaba ba ta ƙaru ba, wani hali daban ne ya canja, wato saurin sallamawa a gwajin ninƙaya, inda ake sa ɓera a ruwa a ga lokacin da zai daina fafutukar fita. Ba janyewa suka yi ba, tambayoyin ne ba ɗaya ba. Na farko ya tambayi ko saka makarɓi a nan zai wadatar a gyara, na biyu ya tambayi ko cire shi daga nan zai wadatar a ɓata. Kuma makarɓin da aka dasa a 2002 bai zauna daidai yadda na asali yake zama ba, ta fuskar yawa da irin ƙwayoyin da ya hau, don haka yana iya yiwuwa ya rufe wata ɓaraka da ba shi ya kamata ya rufe ba. Ni na fi karkata ga cewa idan birkin rafe ya ɓace a jarirantaka serotonin yana kwarara fiye da kima zuwa sassan da ake ginawa, kuma wannan ya yi daidai da abin da Ansorge ya gani. A kan lokaci kuwa binciken biyu bakinsu ɗaya: taɓa makarɓin bayan girma bai haifar da fargaba ba. Zoe Donaldson ta ƙara matse lokacin a 2014, inda danne na rafe daga kwana 14 zuwa 30 kawai ya isa ya bar tabo har girma.

Game da yayarki, kada ki ɗauki binciken ɓera ki kai mata a matsayin hukunci. Ɓera ana haifarsa da ƙwaƙwalwar da ba ta kai ta jaririn mutum nuna ba, awon maganin da yadda jiki ke sarrafa shi ba ɗaya ba ne, kuma fargaba ko damuwar da aka bari ba magani a lokacin goyon ciki ita ma tana da nata haɗarin ga uwa da ɗa. Idan tana shirin ɗaukar ciki ta zauna da likitanta tun kafin lokacin su auna tare, kada ta tsayar da maganin farat ɗaya.

Akwai wani gwaji da maganar yayarki ta tuna mini, inda kika ce tana jin wani abu zai faru amma ba ta san ko mene ne ba. A 2007 Theodoros Tsetsenis da Gross, a ɗakin bincikensu da ke Italiya, sun koya wa ɓeraye alamu biyu. Ɗaya duk lokacin da ta zo sai ɗan girgizar lantarki ta biyo baya a ƙafa, ɗayar kuwa wani lokaci ta biyo wani lokaci ba ta biyo ba. A kan alamar da ke da tabbas, ɓerayen da ba su da 5-HT1A da lafiyayyun duka sun daskare daidai wa daida. A kan mai shakkar ne suka rabu: lafiyayyun suka ɗan tsaya suka ci gaba da harkarsu, marasa makarɓin kuwa suka ƙame fiye da su, tamkar ciwon ya riga ya tabbata. Da masu binciken suka sanyaya wani ɓangare na hipokamfas sai wannan ƙarin tsoro na abin da ba a tabbatar ba ya sauka, tsoron alamar da ke da tabbas kuma ya tsaya yadda yake.